Babi na Uku: Lambun da Zai Ga Ƙarshen Rani

Wanda ya sauka a Tina Junction cikin watan Agusta ba zai yarda ana kukan ruwa a garin Jos ba. Ko'ina kore shar. Ciyawa ta fito har a tsagar dutse, masara ta rufe kangaye, kabewa ta haye dangar mutane, kwata na gudu dare da rana. In ka jefa ƙwayar tumatir a bayan ɗaki, kafin mako biyu ta tsiro da kanta. Amma ya dawo cikin Maris ya sake duban wurin nan. Ciyawar ta ƙone, ƙura ta hau kan komai, rijiyoyi sun ja baya, guga sai ya daki laka kafin ya ɗebo rabi, 'yan garuwa kuwa tun asuba suke tura kura tsakanin Unguwar Rukuba da Dutse Uku.

Jos na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, shi ya sa zafinta bai kama ƙafar na Sakkwato ko Maraɗi ba, inda ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu. Ruwan da take samu a shekara ma yakan kai milimita 1,300, kusan ninki biyu na Sakkwato. Sai dai ruwan nan duka tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Maris, wata biyar cur, sama ba ta ɗiga abin kirki, ga iskar hunturu tana busowa tana zuƙe ɗan danshin da ya rage. Shuka ba ta san lissafin shekara ba, abin da ta sani shi ne ko yau akwai laima a saiwarta. Saboda haka mai lambun gida a Jos da ɗan'uwansa na Katsina matsalarsu ɗaya ce, bambancin kawai shi ne na Katsina ya fi jimawa a cikinta, kuma rana ta fi gasa shi.

Lambuna na farko a watan Satumba na shata shi, lokacin da ƙasa ke da taushi kamar tuwo. Fili ne ɗan madaidaici a bayan gida, na yanka shi gida takwas, na dasa latas da kabeji da tumatir da tattasai, na yi ta murna har Disamba. Da Janairu ya shigo na fara sayen ruwa. Kafin ƙarshen Fabrairu kuɗin ruwan ya fi kuɗin cefanen da nake ganin zan rage, na shiga raba jarka biyu ga gida takwas, kowanne ya sami abin da bai kai ya jiƙa saiwa ba. Duka suka mutu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yara sun saba da tashi da safe su je su duba abin da ya fito.

Wani dattijo ne ya buɗe mini ido. Manomin lambu ne a bakin kogin Dilimi, ya zo Jos daga ƙasar Kano tun yana saurayi, kuma a wurinsa nake sayen irin dashe. Na roƙe shi ya zo ya duba mini ƙasar, don na ɗauka ita ce da laifi. Ya zo, ya tsuguna, ya dumbuzi ƙasar ya murza, ya kakkaɓe hannunsa.

"Malam, ruwanka nawa?"

"Ban gane ba, Baba."

"Ranar da rijiyarka ta ja baya, jarka nawa za ka iya ba wa ƙasar nan kullum, ba tare da uwargida ta rasa na girki ba?"

Na yi shiru na lissafa, na ce biyu.

"To, lambun jarka biyu za ka yi. Kai ka yi na jarka takwas. Mu a bakin rafi ba ma yanka fangali sai mun san bayinsa."

Tun daga ranar na daina fara tsara lambu daga girman fili. Daga ruwan watan Maris nake farawa. Lissafin ba shi da wuya. A tsakiyar rani, ƙasa mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in ganye ya rufe ta, takan sha lita 5 zuwa 7 a yini, a wurare masu tsananin zafi ma ta fi haka. Jarka biyu lita 50 ce. Ke nan abin da za su riƙe da kyau bai wuce fangali uku masu mita ɗaya a faɗi, uku a tsawo ba. Mai karatu zai ga kamar wannan ya yi kaɗan, amma fangali uku na alayyafo da rama da yakuwa da ake tsinka bi da bi sun ishi gida miyar ganye, in aka haɗa da zogale biyu ko uku a gefe.

Daga ina ruwan zai fito? Kowa tunaninsa kan tafi ga ruwan indararo, kuma gaskiya ne dukiya ce ake barin ta tana bin kwata. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a Jos yana zubar da wajen lita 65,000 a damina guda. Amma kada a ruɗi kai: tara shi ne aiki. Tankin lita 2,000, in ana ɗibar lita 40 kullum, kwana 50 zai yi, rani kuwa kwana 150 ne. Tanki yana da amfani, musamman in aka rufe bakinsa saboda sauro aka kuma hana kowa taɓa shi sai Fabrairu, sai dai shi kaɗai ba zai fitar da kai ba.

Ruwan da ya fi tabbas shi ne wanda gida ke zubarwa kullum, rani da damina. Gida mai mutum takwas, in kowa ya yi alwala sau biyar da lita ɗaya, lita 40 ke nan, ruwa mai tsabta, ba sabulu. Ga ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya, ga na ɗauraya. A mafi yawan gidajenmu duk wannan rariya yake bi ya fita waje ya zama caɓi a ƙofar gida, ya haɗa mu faɗa da maƙwabta. Abin da na yi shi ne na matsar da wurin alwala zuwa kan fangali na farko, na shimfiɗa tsakuwa, na yi ɗan gangare. Ruwan wanka kuwa, tunda yana da sabulu, ban yarda ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye ba. Na haƙa masa rami na cika da tsakuwa da gawayi, na dasa ayaba da gwanda a bakinsa. Ruwan wankin tufafi mai omo da bilic ba na ba wa komai, don gishirinsa taruwa yake a ƙasa, a ƙasar zafi inda ruwan sama bai isa ya wanke shi ba yakan kashe wuri gaba ɗaya. Na bayan gida kuma ba a ma maganarsa.

Bayan ruwa sai inuwa da iska. Kafin ka sa fartanya a ƙasa, ka ba da yini guda kana kallon tsakar gidanka: da hantsi, da azahar, da la'asar, ka zana da gawayi inda inuwa ta tsaya. Kuma a cikin rani za ka yi wannan kallon, don rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta karkata kudu, saboda haka inuwar katanga da tsakar rana arewa take faɗuwa. Gindin katangar kudu, ta cikin gida, shi ne wuri mafi sanyi a lokacin, ya dace da na'ana'a da ɗoɗɗoya da renon iri. Ranar safe abinci ce ga shuka, ta bayan azahar ita ce mai ƙuna. Wuri mafi daraja a gida shi ne wanda ya buɗe ta gabas, wani abu kuma ya kare shi ta yamma, ko ɗaki, ko bishiya, ko rumfar kara. Katangar bulo da ke kallon yamma kuwa zafi take sha duk yamma ta riƙa amayar da shi har dare, duk abin da aka manna mata zai wahala.

Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, kuma a kan tudun Jos ba abin da ke tare shi. Na ga iska ta busar da fangalin da aka ba ruwa da safe kafin azahar, alhali rana na cikin hazo. Maganinta shi ne shinge mai numfashi, irin darni ko zana ko jerin zogale, wanda zai karya ƙarfinta ya bar kaɗan ta wuce. Mutanen Filato sun daɗe da sanin wannan: tsofaffin gidajen Birom da maƙwabtansu da kerana ake kewaye su, ba ta neman ban-ruwa, akuya ba ta kusantar ta. A ƙasar Hausa aguwa da bini-da-zugu ke wannan aiki. Sai dai kerana ruwanta mai kama da nono yana da haɗari ga ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne, don haka a gidan da ke da ƙananan yara na fi son a bar su can bakin iyaka ta waje, a yi dangar lalle ko ta zogale a ciki.

A nan zan faɗi abin da ke damuna. Yayin da ake yi yanzu shi ne a malale tsakar gida da siminti ko a jere ta da intalok daga bango zuwa bango. Ana ganin tsabta ce da wayewa. Amma gidan da aka yi wa haka ya zama kasko: rana ta gasa shi, dare ya yi yana huci, ruwan damina kuma ba inda zai nutse, sai ya kwarara titi ya haɗu da na maƙwabta ya ci hanya. Rijiyar da ke cikin gidan da me za ta cika? In dole sai an malale, a bar ko da kashi ɗaya cikin uku ƙasa, a karkata gangaren simintin ya zuba a gindin bishiya.

Ƙasar wannan yanki na Jos ba ta da zurfi. Taku ɗaya ko biyu ka ci karo da dutse ko marmara, abin da ke sama kuma tsakuwa ce da jar ƙasa mai tsami, wadda ruwan damina ya wanke wa abinci. 'Yan lambun Jos sun san maganin tsamin nan tun da daɗewa. Tarihinsu ma abin sani ne. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe haƙar kuza, manyan kamfanoni irin su ATMN suka bar ramuka birjik a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ruwa ya cika su suka zama kududdufai. Da harkar kuza ta ja baya, musamman bayan faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985, mutane da yawa suka koma noman rani a bakin waɗannan ruwaye da bakin Dilimi, da jigo da farko, daga baya da injin ban-ruwa. Kabeji da karas da latas da ake lodi a kasuwar Farin Gada zuwa kudu, da yawansu daga irin wuraren nan suke. Ƙasar da haƙa ta lalata suka farfaɗo da ita, da taki da tokar juji. Toka tana kashe tsamin ƙasa, tana kuma ƙara mata abinci. Amma tokar bolar gari ta yau cike take da ƙonannen roba da batir da gwangwani, bai kamata ta kusanci abin da yaranka za su ci ba. Ka yi amfani da tokar murhunka, cikin tafin hannu biyu ga murabba'in mita ya isa. Mai lambun Kano ko Sakkwato ya rage hannu fiye da haka, don ƙasarsa ba ta da tsamin tamu. Kuma kada a yarda a cika fangali da yashin da aka tace kuza a ciki, don an san yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai illa ga jiki.

Inda dutse ya hana haƙa, buhu ya wadatar. Buhun taki ko na shinkafa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi, zai riƙe tumatir ko attaruhu guda har ya gama haihuwa. A jera buhunan su jingina da juna don su yi wa juna inuwa, kuma a guji baƙin bokiti a rana, yana dafa saiwa.

Siffar wurin shuka ita ma da lokacinta. Da rani fangali ake yi, wato a nutsar da wurin ƙasa da hanya kamar tsawon yatsa, a yi masa baki, ruwa ya kwanta a ciki iska kuma ta bi ta sama. Da damina a Jos akasin haka ake bukata, don ruwan Yuli da Agusta zai ruɓar da saiwa, sai a tayar da kunya. Fili ɗaya ne, sau biyu ake sake masa fasali a shekara. Duk wanda aka yi kuwa, kada a bar ƙasa tsirara. Busasshiyar ciyawa, ɓuntun shinkafa, karan acca, ganyen da aka share, a shimfiɗa kaurin yatsa uku. Ka sa hannu a ƙarƙashinsa da azahar ka ji sanyi, ka taɓa ƙasar da ke gefe ka ji kamar an sauke tukunya. Mutane na tsoron gara, kuma da gaskiyarsu kusa da ginin ƙasa ko azara. A cikin fili kuwa gara ma'aikaciya ce. Manoman Yatenga a Burkina Faso, waɗanda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna a cikinsu, da gangan suke zuba taki a ƙananan ramuka don gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga. A ƙarshen shekarun 1980 dabarar ta shiga yankin Illela na jihar Tawa a Nijar, inda ake kiran ta tassa, aka farfaɗo da faƙo da ita. Ramin bai wuce faɗin taƙi ɗaya da rabi ba. Haka nake shuka kuɓewa da kabewa a gefen fili inda ban-ruwa ba ya kaiwa sosai.

Dabarar da na fi ƙauna ita ce ta tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya, a cika da ruwa, a rufe bakinsa da faifai ko fasasshen kasko, a dasa tumatir ko barkono huɗu a kewayensa. Jikin tulu yana tsattsafo da ruwa a hankali, ƙasa ta bushe ya ƙara, ta jiƙe ya rage. Bayan kwana uku ko huɗu a sake cikawa. Da na tone nawa a ƙarshen rani na tarar saiwoyi sun lulluɓe shi kamar an saƙa masa riga. Wannan tsattsafowar ce ke sanyaya ruwan randa, ita ce kuma Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi aiki da ita ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Bishiya ita ce ƙashin bayan lambu, kuma a nan ake kuskuren da ba ya gyaruwa da wuri. Itacen turaren da aka dasa a tuddan haƙar kuza don gyara ƙasa ya yi aikinsa a can, amma a tsakar gida zai shanye ruwan kowa. Mangwaro da darbejiya inuwarsu ni'ima ce a babban fili, a ƙaramin gida kuwa za su rufe rana, saiwarsu ta nemi katanga da ramin salga. Na ƙaramin gida su ne zogale, gwanda, lemun tsami, gwaba, rumman. Zogale a sare kansa in ya kai ƙirji don ya yi rassa, inuwarsa ba ta da kauri, alayyafo na jin daɗin zama a ƙarƙashinsa. A Jos sanyin Disamba kan sa ya tsaya cik, kada a ɗauka ya mutu. Kuka ma ba sai ta zama uwar bishiya ba: a Mali ana shuka ta a fangali kamar alayyafo ana tsinkar ganyenta tana ƙarama. Kuma kafin ka sayo dashe, ka duba abin da ke tohowa da kansa. Abin da ya mayar da miliyoyin bishiyoyi gonakin Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980 shi ne sassabin zamani, wato barin kututturen da ke raye a ƙasa ya yi toho, a zaɓi reshe mai ƙarfi a rage sauran. Tsohuwar saiwa ta riga ta san inda ruwa yake. Dashen bishiya kuwa a yi shi a Mayu ko Yuni, ta sha damina guda cikakkiya kafin ta gamu da rani.

Yanzu haka shekarata take tafiya. Ƙarshen Oktoba, ƙasa na da sauran laima, nake dasa masu son sanyi: latas, kabeji, karas, albasa. Wannan ita ce kyautar da Jos ta fi sauran garuruwa da ita, ko da yake na Kano da Zariya ma suna samun rabonsu daga Nuwamba zuwa Janairu. Da Fabrairu ya kama nake fara janye hannu da kaina. Fangalin da aka cire kabeji ba na sake dasa shi, sai in zuba masa taki in lulluɓe shi da ciyawa ya huta. Ruwan da ya rage ya koma kan uku na kusa da wurin alwala, da tuluna, da bishiyoyin da ba su shekara biyu ba. Ban-ruwa da yamma liƙis ko da sassafe, a ƙoshi ƙasa sosai bayan kwana biyu ya fi a yayyafa mata kullum.

Dattijon nan ya sake zuwa a rani na uku, cikin makon ƙarshe na Maris, ya kawo mini irin yakuwa a ƙullin takarda. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ya zaga bai ce komai ba, ya ɗaga faifan da ke bakin tulu ya leƙa, ya tura yatsa ƙarƙashin ciyawar fangali ya fito da shi da laima. Uwargida ta tsinko masa zogale da rama cike da kwando.

"Baba, ko in ƙara fangali biyu tunda ruwa ya kusa?"

Ya dubi sama.

"Bari ya sauka sau uku tukuna. Na farko da ƙanƙara yake zuwa."